Wata Shida a Bencin Baya

Shekara talatin da wani abu na yi ina aikin malamin dabbobi. Aikin ya kai ni karar shanu ta Nguru da ta Kumagannam, ya ƙetara da ni Nijar da Cadi, ya kai ni har arewacin Kamaru. Duk inda na sauka, ranar Lahadi sai na nemi inda Kirista ke sujada. Na yi sujada da Faransanci a Damagaram, da Fulatanci a Garwa, da Yarbanci a Ikko lokacin da aka tura ni kwas. Kowace ikilisiya da yadda take tsawata wa wanda ya yi laifi. A wani wuri mutum zai je ya faɗa wa limamin coci shi kaɗai, ba wanda ya ji. A wani wurin korar sa za a yi, ya tsallaka titi ya shiga wani cocin, su tarbe shi da kiɗa. Mu kuwa, a majami'un da ake sujada da Hausa, horo muke sawa.

Dattawan ikilisiya ne za su zauna su yanke watanni. Ranar Lahadi a kira mutum gaban jama'a, a faɗi abin da ya yi. Daga ranar nan ya koma bencin ƙarshe, kusa da ƙofa. Ba ya shiga cikin mawaƙa, ba a ba shi addu'a, ba ya ɗaukar kwanon baiko, wato sadakar coci. In an zo jibin Ubangiji, inda ake raba burodi da zoɓo, ya tashi ya fita tare da yara da waɗanda ba su yi baftisma ba. Ranar da wa'adi ya cika a sake kiran sa gaban jama'a, a yi masa addu'a, dattawa su sha hannu da shi, ya koma wurin zamansa. Mutum ba ya dawo da kansa. Kiran sa ake yi.

Tsarin ya kwanta mini, don ya yi kama da aikina. In ciwon huhu ya shiga garke, killace shi muke yi, ba don mun ƙi shanun ba. Mu faɗa wa makiyayi ranar da za a sake su. Bambancin kawai shi ne, Bafulatani ba ya jira a tuna da shi. Ranar da kwanaki suka cika, tun kafin in wanke fuska yana ƙofar gidana da sandarsa a kafaɗa.

Gashuwa ce wurin aikina na ƙarshe kafin in yi ritaya. A can aka zaɓe ni dattijo, aka kuma ba ni littafin magatakarda, inda ake rubuta duk abin da dattawa suka yanke. Majami'ar ƙarama ce, mai rufin kwano. Mutanenta malaman makaranta ne da ma'aikatan asibiti da 'yan sanda da 'yan kasuwa, kusan kowa baƙo, kusan kowa yana jiran takardar canjin wurin aiki.

Akwai wani mutum a cikinmu da kowa ke kira Injiniya, ko da yake firamare kaɗai ya gama. Daga tsaunukan Adamawa ya zo tun yana saurayi, ya koyi gyaran injin ban ruwa, har ya zama manoman shinkafa daga bakin kogin Gashuwa zuwa Dagona ba su yarda kowa ya taɓa musu inji sai shi. Gajere ne, mai faɗin kafaɗa, baƙin mai ba ya fita daga faratansa ko ranar Kirsimeti. Ya fi ni jin Badanci, yaren mutanen garin, nesa ba kusa ba, kuma yakan yi mini gori a kai. Shi ke gyara mini babur.

"Baba Dattijo," yakan ce, yana tsugune yana leƙa ƙarƙashinsa, "wannan babur ɗin naka a sa shi cikin addu'ar marasa lafiya kawai."

"Gyara dai, Injiniya. Da shi na je Kumagannam na dawo."

"Kai ka kai shi ko shi ya kai ka? An ce mini an gan ka a Jajimaji kana tura shi, jaki ya wuce ku yana dariya."

'Ya'yansa uku. Ta tsakiya, mai shekara tara, ita ce ta kwanta da damina. Zazzaɓi ne da farko, daga baya ta fara suma tana sandarewa. Sau uku ana kwantar da ita a asibiti ana sallamar ta. Mun yi addu'a a gidansa, matan zumunta, ƙungiyar matan coci, sun yi azumi. Ba ta tashi ba. Ta rasu gero yana fitar da kai.

Matan zumunta ne suka yi mata wanka. Da yamma, bayan mun dawo daga maƙabarta, ɗaya daga cikinsu ta same ni a gefe ta miƙo mini wani abu cikin leda, tana riƙe da shi da yatsa biyu. Laya ce, ƙarama, an ɗinke ta da jar fata, da baƙin zare. A ƙugun yarinyar suka same ta.

Mako biyu bayan haka dattawa suka zauna, aka kira Injiniya. Bai musa ba. Wani manomi da yake yi wa gyara ne ya ba shi labarin wani malami a wani ƙauye bayan Dagona. Ya goya yarinyar a babur ya kai ta, aka ba ta rubutu ta sha, aka ɗaura mata layar.

Na ce, "Ka san abin da ka yi?"

Ya ce, "Na sani, Baba. Amma ran nan ko garwashi aka ce in haɗiye ta tashi, da na haɗiye."

Wani dattijo, malamin firamare, ya ce a bar maganar tukuna, ƙasar kabarin ma ba ta bushe ba. Ni ne na hana. Na ce Allah mai tsarki ne, mu kuma an kira mu mu nuna halinsa a cikin garin da ake kallon mu. In muka kau da kai yau, gobe kowace uwa za ta ɗaura wa ɗanta laya a ƙarƙashin rigar coci. Na yi magana mai tsawo, kuma na san na iya magana. Aka yanke wata shida. Ni na rubuta, ni na karanta ranar Lahadi. Ya tsaya gaban jama'a da hularsa a hannu, da na gama ya ce, "Na gode," ya taka ya koma bencin baya.

Wata huɗu da yin haka hankali ya tashi a jihar nan. Ba sai na ba da labarin waɗannan shekarun ba, duk wanda ya zauna a Yobe ya san su. Mutanenmu suka dinga loda kaya a manyan motoci. Fasto ya kwashe iyalinsa. Ni ma lokacin ritayata ta zo daidai, 'yata da ke Jos ta matsa, na tafi. Littafin magatakarda na saka shi a ƙasan akwatina don kada ya ƙone in an ƙona majami'ar. Ba a ƙona ta ba. Injiniya kuwa bai tafi ko'ina ba. Manoma sun san shi, injuna ba su daina lalacewa ba.

Bayan shekara uku na dawo, amma Nguru na sauka, inda na gina ɗan gida kusa da tashar jirgin ƙasa tun ina aiki. Tsakanin Nguru da Gashuwa tafiyar ba ta kai awa biyu ba. Na sha wucewa ta cikin garin a mota, in sayi bandar kifi a bakin titi, in wuce. Ban taɓa yin Lahadi a can ba. Akwatin yana ƙarƙashin gadona.

Sai da aka shekara takwas da karanta sanarwar nan aka gayyace ni godiyar kaka a tsohuwar majami'armu. An yi mata fenti, an sa fanka. Faston yaro ne sa'an ɗana na ƙarshe. Aka zaunar da ni a gaba, kan kujerar roba mai hannu, ina fuskantar jama'a, aka gabatar da ni a matsayin ɗaya daga cikin iyayen da suka riƙe wurin. Aka tafa. Na duba fuskoki, waɗanda na sani ba su fi biyar ba.

Lahadin farkon wata ce, ranar jibin Ubangiji. Da fasto ya yaye farin ƙyallen da ke kan teburi, yara suka fara fita. Sai na ga wani mutum ya dafa bencin ƙarshe ya miƙe da ƙyar. Fuskarsa ta kumbura, ƙafafunsa sun cika silifas har sun zubo. Ya bi bayan yaran a hankali, yana dafa bango. A ƙofa ya juya gefe don ya ba wata yarinya hanya, a nan na gane kafaɗun.

Ban tashi ba. Aka kawo mini burodi na ci, aka kawo ɗan kofin zoɓo na sha, na sunkuyar da kai kamar mai addu'a. Lissafin shekaru nake yi.

Ana tashi na ja fasto gefe.

"Ɗana, mutumin nan da ya fita, Injiniya. Me ya sa ba ya cin jibi?"

"Baba Injiniya? Ai tun da na zo haka na same shi. Na ɗauka bai yi baftisma ba ne. Wanda na gada ma haka ya ɗauka. Na taɓa yi masa maganar ajin baftisma, ya yi murmushi kawai ya ce lokaci bai yi ba."

"A gabana aka yi masa baftisma a kogin nan. Horo ne. Wata shida."

"Yaushe?"

Na faɗa masa.

A ƙauyukan Filato na ga majami'un da tsofaffin mata ke riƙe da tarihin kowa a ka, har wanda kakansa ya saci akuya. A can wannan ba zai faru ba. Amma majami'ar baƙi ba ta da tsofaffi. Duk shekara uku mutanenta sabbi ne. Abin da ba a rubuta ba ya tafi da wanda aka yi wa canji, abin da aka rubuta kuma yana Nguru ƙarƙashin gadona.

Na sami Injiniya a ƙarƙashin bishiyar maina, wato dogon yaro, da ke bayan majami'a, zaune kan bulo, matarsa tana tsaye kusa da shi tana gyara ɗaurin zane. Ya yi yunƙurin tashi, na hana shi.

"Baba Dattijo! Ashe kana nan da ranka. Ina babur?"

"Ya riga mu, Injiniya."

"Allah ya ji ƙansa. Ya sha wuya a hannunka."

Ya yi dariya, dariyar ta koma tari. Na zauna kan bulon da ke gefensa. Na tambayi jiki, ya ce ƙoda ce, ciwon nan da ya addabi mutanen Gashuwa, wanda kusan kowane layi akwai gidan da ya taɓa. Ya ce ya bar zuwa bakin kogi, yanzu sai dai a kawo masa inji gida ya nuna da baki.

Na ce, "Me ya sa har yanzu kake bencin baya?"

Ya dube ni kamar na tambaye shi me ya sa rana ke fitowa ta gabas.

"Ba a kira ni ba, Baba."

"Wata shida muka ce."

"Haka kuka ce."

"To me ya hana ka magana?"

Matarsa ce ta amsa. Doguwar mace ce, 'yar garinsu, mai sayar da ƙosai a bakin tasha, kuma ba ta taɓa iya ɓoye abin da ke ranta ba.

"Tambaye shi dai, Baba. Lokacin da kuka gudu, mu bakwai muke taruwa a ɗakin nan. Mu bakwai! Mu shida a gaba, shi yana can bakin ƙofa kamar maigadi. Na ce maigida, wa ya rage da zai gan ka? Ya ce Allah, Wanda ya gan shi a Dagona. Da aka kawo sabbin dattawa na je na sami ɗaya a ɓoye, ya ce bai ga komai a rubuce ba, a jira waɗanda suka sa su zo su cire. Kafin shekara shi ma an ɗauke shi zuwa Damaturu. Na ce bari in nemi lambarka, ya ce in na kira ka bai yafe mini ba."

"Ya isa," in ji shi. Ya juyo gare ni. "Baba, wanda ke cikin horo ba ya zuwa yana ƙwanƙwasa ƙofa. Na ɗauka kun sake dubawa ne kun ga wata shida bai isa ba. Ni ma da na zauna na duba, na ga bai isa ba. Yarinyar nan, kwana tara ta yi bayan na ɗaura mata abin nan. Wa ya sani ko da ban ɗaura ba..."

Bai ƙarasa ba. Ya goge bakinsa da bayan hannu.

"Ku ne bakin Allah a wurinmu. Tun da kuka yi shiru, na ce Shi ne bai huce ba."

Na ji harsuna da yawa a rayuwata, an zage ni da Barbarci, an tsine mini da Larabcin Shuwa a kan saniyar da na hana a yanka. Ban taɓa jin maganar da ta soke ni kamar wannan ba, kuma cikin ladabi ya faɗe ta.

Fasto ya iso inda muke. Ya ji ƙarshen maganar. Ya ce, "Baba, burodin bai ƙare ba, mutane ma suna nan suna cin abinci. In kira su su koma ciki? Minti goma ya isa."

Da na yi shiru a wurin, da shi ke nan. Amma na ce a'a. Na ce abin da aka ɗaura a kan tsari, a kan tsari za a kwance shi. Sai an kawo littafi an ga shafin, dattawa na yanzu su zauna su amince, a sanar mako guda kafin ranar. Na ce a gaban jama'a aka sa shi, a gaban jama'a cike za a ɗage, ranar jibi mai zuwa, ba a tsakanin kwanukan shinkafa ba. Na ce mutumin nan ya cancanci a yi masa abin da kyau, ni kaina zan tsaya in nemi gafararsa.

Duk abin da na faɗa gaskiya ne. Wanda ban faɗa ba shi ne, awa biyu da suka wuce aka tafa mini a ɗakin nan, kuma ban shirya komawa ciki in ce musu ga abin da uban da kuka tafa wa ya yi ba. Ina son mako huɗu in tsara kalmomina.

Injiniya ya gyaɗa kai. "Haka ne daidai, Baba. A gaban jama'a."

Matarsa ta dubi ƙafafunsa, ta dube ni.

Na koma Nguru na jawo akwatin. Littafin yana nan, gara ba ta taɓa shi ba. Ga rubutuna, mai kyau, a tsaye, har na ja layi a ƙarƙashin ranar da horon zai ƙare. Na aika da shi Gashuwa ta hannun direba. Dattawa suka zauna, suka amince, aka yi sanarwa. Na rubuta jawabina sau uku.

Ranar Talata ta mako na huɗu, da hantsi, matar Injiniya ta kira ni. Jiya aka kawo shi babban asibitin Nguru, fitsari ya tsaya gaba ɗaya, an yi masa wankin ƙoda sau ɗaya. Ta ce likita ya kira ta waje ya yi mata magana a hankali, kuma ta san ma'anar magana a hankali.

Na je wurin faston majami'armu ta Nguru, dattijo ne, Rabaran, na faɗa masa komai a tsaye. Bai yi mini wa'azi ba. Ya yanki burodi ya naɗe a hankici, ya zuba zoɓo a 'yar kwalba, muka hau Keke Napep. A hanya na kira faston Gashuwa, ya ce dattawa sun riga sun amince, a ba shi, ko a waya ne zai faɗa masa da bakinsa.

Ɗakin gado takwas ne, duk a cike, yawancinsu ciwo ɗaya. Injiniya yana kwance kusa da taga, an tokare bayansa da filo. Idanunsa sun kusa rufewa don kumburi, numfashinsa yana wani irin wari da na sani daga dabbobin da ƙodarsu ta mutu. Amma hankalinsa garau.

"Baba Dattijo. Ka zo duba injin da ya buga?"

"Na zo da Rabaran, Injiniya. Dattawa sun zauna. An ɗage horon. An ɗage tun shekara bakwai da rabi, ni ne ban faɗa ba. Laifina ne, ba naka ba, ba na Allah ba. Ka gafarta mini."

"Haba Baba. Wane ni."

"Mun kawo maka jibi."

Rabaran ya buɗe hankicin a kan 'yar lokar da ke gefen gado. Injiniya ya daɗe yana kallon burodin. Leɓunansa sun bushe sun tsage.

Ya ce, "Yau Talata."

"Talata ce."

"A gaban jama'a ka ce, Baba."

"Na faɗa, kuma na yi kuskure. Ga jama'a nan: ga ni, ga Rabaran, ga matarka."

Ya yi ɗan murmushi. "Yanzu tausayina kake ji, don ka ga na kumbura. Ran nan da ba ka jin tausayi, ai gaskiya ka faɗa."

Rabaran ya matso, ya kama hannunsa. Ya yi masa magana a hankali, ya ce ya sha kai wa marasa lafiya jibi a gado, ba sabon abu ba ne. Ya ce Ubangiji ba ya jiran Lahadi kafin ya karɓi nasa, ya riga ya karɓe shi tun ranar da ya tsaya da hula a hannu ya amsa laifinsa. Ya ce teburin ba na dattawa ba ne.

"Na ji, ranka ya daɗe. Na gode. Amma marasa lafiyar da kake kai wa ba a kore su a gaban mutane ba. Ni ta ƙofar gaba aka fitar da ni. Ba na so in shiga ta taga, in je can a ce wa ya ba ka."

"Maigida," in ji matarsa. "Don girman Allah ka buɗe baki. Ɗan wannan ne fa. Ko don ni."

"Ke dai ba ki da haƙuri. Shekara takwas na jira, kwana biyar ne zai gagare ni? Ki wanke mini farar rigar nan." Ya juyo da kai wajena. "Kuma likita ya hana ni shan ruwa, Baba. Kana so ka haɗa ni faɗa da shi?"

Na kira faston Gashuwa, na kara masa wayar a kunne. Ya saurara, yana cewa to, to, na gode, sai Lahadi. Na durƙusa a gefen gadon, ni da gwiwoyina da ba sa lanƙwasuwa, na roƙe shi. Mai jinyar gadon kusa, wani Bamange ɗan ƙasar Nguru da rawani, ya kau da kai don kada ya ga tsoho yana kuka. Injiniya ya ɗora hannunsa a kaina.

"Tashi, Baba, kada mutane su ga. Kai ka koya mana Allah ba a yi masa gaggawa."

Ban tuna na taɓa faɗin haka ba. Amma ban isa in ce ban koyar ba.

Rabaran ya naɗe burodin. Laraba na koma, na sake roƙo, ya ce saura huɗu. Alhamis bai gane kowa ba, yana ta kiran sunan yarinyar. Rabaran ya ce ba zai tura burodi a bakin mutumin da ya ce a'a lokacin da yake cikin hankalinsa ba, kuma ban yi masa gardama ba. Juma'a, ana kiran salla a masallacin da ke bayan asibiti, ya cika.

Asabar muka kai shi Gashuwa. Manoman shinkafa sun zo da yawa, Badawa, suka tsaya daga bakin maƙabarta har aka gama, suka yi wa matarsa ta'aziyya ɗaya bayan ɗaya. Cikin farar rigar aka sa shi.

Na kwana a garin. Ranar Lahadi, kafin jibi, fasto ya ba ni wuri. Ban fito da jawabin da na rubuta sau uku ba. Na buɗe littafin na karanta shafin kamar yadda yake, da kwanan wata, da layin da na ja. Na faɗi inda littafin ya kwana shekara takwas. Na faɗi abin da fasto ya ce a ƙarƙashin bishiya, da abin da na amsa, da dalilin da ban faɗa ba a ranar. Sannan na ce, a madadin dattawa, an ɗage horon ɗan'uwanmu, an maido shi cikin zumunta.

Ba wanda ya ce amin. Yawancinsu ba su san an taɓa sa shi horo ba sai a lokacin. Na ji wata mata tana tambayar ta kusa da ita, "Baban nan na bakin ƙofa?" Wurin da ya kamata a sha hannu, na tsaya da hannuna a sake. Fasto ya kira matar Injiniya ta fito ta karɓa a madadinsa. Tana zaune cikin matan zumunta da baƙin ɗankwali. Ta girgiza kai sau ɗaya.

Na gaskata Allah ya karɓe shi, kuma bai tambaye shi wa ya ba shi ba. Da wannan nake kwana. Amma shi bai mutu da sanin haka ba. Ya mutu yana jiran wani Allah mai ƙirga kwanaki, mai yin shiru shekara takwas, wanda ko ya sauko sai an bi masa tsari. Bai karanta wannan a ko'ina ba. A fuskata ya gan shi, ni da na tsaya gaban dattawa na ce an kira mu mu nuna halinsa.

Fasto ya yaye ƙyallen. Yara suka fita. Dattawa suka ɗauki tire suka fara zagayawa, suka fara da ni, don ni ne babba a ɗakin. Wanda ya kawo mini saurayi ne, bai san inda zai sa idonsa ba. Ya tsaya yana jira. Na ɗauka na ci, don ni ba wanda ya sa ni horo.